Daminar da Na Ɗinke Ƙafar Baban Lami

Kwana da kwanaki ke nan rana ba ta leƙo mu ba a nan Kankara. Marka ta kafu, wanki ya ƙi bushewa, shekaranjiya katangar maƙwabtanmu ta zube, ni kuma gwiwoyina sun hana ni sakat. Jiya da hantsi ina zaune a bakin ɗaki sai ga jikata Hafsatu ta fito da zane a hannu, ta nufi kwandon da ake tara tsumman goge-goge. Na ce, "Ke, ina za ki da shi?" Ta ce ƙusa ce ta kama shi ya yage. Na karɓa na duba, yagewar ko tsawon yatsa ba ta kai ba. Na ce ta miƙo mini allura. Wallahi yarinyar nan ta karaɗe gidan nan kaf, gida cike da mata, ba a samu allura ko ɗaya ba. Ta dawo tana dariya, wai, "Hajiya, ai ga tela nan bakin titi, amma wa zai kai mishi wannan?" Ban biye mata ba, don na san bakina, in na fara ba na tsayawa. Na dai riƙe zanen a cinyata ina shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai wata marka ta faɗo mini a rai, wadda ta kusa shekara saba'in da wucewa.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tattara nasu ya nasu su tafi. Ni haifaffiyar Daudawa ce, garin auduga, tun ban iya ɗaura zane ba na iya kaɗi. Aure ya kai ni wata 'yar unguwa a bayan Yargoje, gidajenta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, rafi ya raba ta da gari. Mijina, Allah ya jiƙansa, ban taɓa kama sunansa ba yana da rai, ba kuwa yau zan fara ba. Baban Lami nake ce masa, Lami kuwa a lokacin tana goye a bayana. Mu ke nan a gidan, ni da shi da jaririyar, sai iyayensa, Baba da Inna. Baban Lami yana da ƙane, amma tun bazara ya nufi wajen Sabuwa neman ƙodago, shiru kake ji. Galma ɗaya ta rage a gidan, ta Baban Lami, kuma bakinmu duka a kanta yake.

Daminar da ta gabaci wannan, ruwa ne ya cuce mu. Mutane sun saba kuka da fari, to mu da yawan ruwa muka yi kuka. Gero ya kwanta cikin laka ya ruɓe, dawa ta fitar da kai baƙi ƙirin, ka murza sai gari kamar na gawayi. Abin da muka kai rumbu bai kai rabin na kullum ba. Kafin ruwan shuka ya sauka, in Baban Lami ya shiga rumbu ko kansa ba a hangowa, sai dai a ji yana kankarar ƙasa da hannu. Irin shuka kuwa Inna ta zuba a tukunya ta liƙe bakin da laka, ta ce duk wanda ya taɓa shi ba ta yafe ba duniya da lahira.

Haka muka shiga sabuwar damina ciki ba nauyi. Da sassafe in dama kunun dusa tsararo, a fifita mai zuwa gona, mu sauran mu lashi ludayi. Sannan ni da Inna mu shiga jeji tsinkar tafasa da rama da yaɗiya, mu dawo tafin ƙafarmu ya yi fari ya tattare don ruwa. A dafa, a matse, in akwai ɗan ƙuli a barbaɗa, in babu a ci haka nan. Har yau in na ji warin tafasa a kan wuta sai in bar wurin. Tuwo sai bayan magariba, shi ma ba kullum ba. Itace jiƙe, hayaƙi ya cika madafa, ido ya yi ja. Nonona ya ja baya, Lami ta kama ta tsotsa ta saki, ta dube ni, ta yi wani ɗan kuka marar ƙarfi. Wannan kukan ya fi yunwar ci mini rai.

Baba maɗinki ne. A ƙuruciyarsa ya bi fatake da jakuna ƙasa ƙasa, da ya gaji ya dawo gida ya zauna a zaure da allurarsa. A zamaninmu allura ta maza ce: mace ta kaɗa zare, namiji ya saƙa, namiji ya ɗinka. Sai dai kafin a kawo ni gidan, yanar ido ta fara rufe masa gani, a shekarar nan kuwa ba ya bambance komai sai haske da duhu. Amma yatsunsa, kai! Ya shafa riga sau ɗaya ya gaya maka inda za ta yage badi. Shekarar nan ba mai sayen sabuwar tufa, kowa tsummansa yake kawowa a rufa masa asiri. Wani ya kawo 'yar dawa cikin tafin hannu, wani guntun rogo, wani godiya kawai, Baba bai taɓa mayar da kowa ba.

Ni da Baba ba ma magana. Ba faɗa ba ne, kunyar suruki ce, wadda 'yan yanzu ba su san ta ba sai a labari. In zan wuce ta zaure sai in durƙusa daga nesa in gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana fuskantar wani wuri. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa miƙa masa abu hannu da hannu ba, ko sunana bai taɓa kamawa ba, 'yar Daudawa yake cewa. Duk abin da zai shiga tsakaninmu ta hannun Inna yake bi. Da zura zare ya gagare shi, ni nake zura masa kowace safiya, in jera alluran a jikin karan dawa, Inna ta kai masa zaure.

Da tsummoki suka yi masa yawa, wata rana sai ga Inna da guntun ƙyalle a hannu, ta ce, "Malam ya ce ki duba wannan, ki yi irinsa." Na duba. Layi na farko ɗinkin jere ne, allura ta nutse ta ɓullo ta yi gaba abinta, wannan na inda tufa ba ta shan wahala. Na biyu kuwa allura tana gaba tana dawowa ta shiga ramin da ta bari, shi ne na hammata da gindin wando, inda ake ja da ƙarfi. Daga ƙasa ya yi kalmasa, ya naɗe bakin ƙyallen ya kama shi ta ciki, zare ba ya nunawa a waje. A gefe ya ɗora ɗan maho, ya yanka shi ya fi ramin faɗi, ya kama shi can inda tufar ke da sauran ƙarfi. Na zauna a bayan zanan da ya raba zaure da tsakar gida, na yi nawa, Inna ta kai.

Sai na ji muryarsa, da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji, yana kiran Inna da sunanta: "Ke Abu, ce ma 'yar Daudawa wanga ɗinki nata sawun kaza ne a tsakar gida."

Inna ta ce, "Ai ta ji ka, Malam, ga ta nan bayan zana."

Ya ce, "Ni ba da ita nike ba, da ke nike."

Aka dawo mini da ƙyallen a warware. Raina ya ɓaci, don ni ma ba kanwar lasa ba ce, a Daudawa ba a taɓa raina zarena ba. Da Baban Lami ya dawo gona na kai masa ƙara, shi kuwa me zai yi in ba dariya ba. Ya ce, "To madalla, gobe sai ki ɗau galma, ni in goya Lami." Na ce ya bari in na iya, wandonsa ne na ƙarshe da zan taɓa. Haka muka yi ta yi, in ɗinka, Inna ta kai, Baba ya shafa, ya aiko da magana ta kan zana. Wata rana ya ce na matse, wata rana ya ce na saki. Ranar da ya shafa bai aiko da ƙorafi ba, ya ce wa Inna ta kawo mini rigar liman, ranar na san na iya. Ban nuna wa kowa ba, amma na ji daɗi har cikin raina.

Muna cikin haka marka ta shigo, irin wannan ta bana. Sama ta sauko ƙasa ƙasa, yayyafi ba ya ɗaukewa, jinka tana ɗiga, kwaɗi sun cika mana kunne, tabarma ta yi sanyi ta fara funfuna. Dawa ta kai gwiwa, lokacin huɗa ne, wanda ya yi sake ciyawa ta cinye masa gona. Baban Lami yakan fita cikin yayyafin da tsohon buhu a ka, cikinsa ba komai sai kunun dusa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma bai taɓa cewa ya gaji ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ina tsince tafasa a bakin madafa. Sai na ji maƙwabcinmu Malam Iro yana kwaɗa sallama, irin wadda ba ta jiran amsa. Na leƙa, sai ga shi ya saɓo Baban Lami a kafaɗa, jini yana bin ƙafar yana ɗiga a laka. Ashe santsi ne ya kwashe shi yana tsakiyar jan galma, jiri kuma ya taimaka, ya faɗi a kan bakinta. Galmar nan ta sha ƙasa shekara da shekaru har bakinta ya yi kaifi kamar aska. Ta tsaga masa sha-raɓar ƙafar dama, tsokar nan ta bayan ƙwauri, tun daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu. Malam Iro ya ɗaure da hularsa da igiyar rama, amma jinin bai tsaya ba. Aka kwantar da shi rub da ciki a bakin zaure, inda ya fi haske.

Wanzami yana Yargoje, ɗan asibitin da ake faɗa kuma yana can Kankara, duka a hayin rafi. Rafin kuwa ya kawo, ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa, ko Bafillace da shanunsa ba ya tunkararsa. Mutanen unguwa suka taru, kowa da tasa. Wani ya ce a cika da toka, wani ya ce a sa ƙarfe a wuta a ɗora, wata tsohuwa ta ce kashin shanu ɗanye. Inna tana tsaye can jikin rumbu, ta kama bakinta da hannu. Baban Lami ɗanta ne na fari, al'ada ba ta bar ta ta kama sunansa ba, balle ta rungume shi a gaban mutane. Idonta yana kansa, amma ba ta matso ba.

Baba ya lallaɓo da sandarsa ya durƙusa, ya ce a kwance ɗaurin. Ya bi raunin da yatsu tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar yadda yake bin riga. Ya ce, "Naman ya rabu da nisa, ba shi haɗuwa da kanshi. In an cika shi da toka ƙafar ta tahi, in an ƙona ma ta tahi. Sai an ɗinke. Na ɗinke jakai a hanyar fatauci, na ɗinke mutane, na san abin da nike faɗi." Ya ce, "Wa zai riƙe allura?" Maza suka dubi juna. Malam Iro ya ce, "Wallahi Baba, ni ko kaza zan yanka sai na kau da kai." Baba ya ɗaga hannuwansa biyu, jini ya ɓata su, ya ce, "Hannuna ya sani, idona ya ƙi."

Sai ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsugune, ban san yadda aka yi ya gane wurin ba. Ya ce, "'Yar Daudawa."

Na waiga ina jiran Inna ta isar mini da saƙo, kamar kullum. Ashe da ni yake, kai tsaye. Da ƙyar na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Aje ɗiyar nan, ki wanke hannunki, ki zo nan kusa da ni."

Na kasa tashi. Ga mijina kwance cikin jini, ga surukina yana kirana in zauna gwiwa da gwiwa da shi a gaban unguwa. Tsoro da kunya suka haɗu suka danne ni. Sai Inna ta zo ta kwance Lami daga bayana da kanta, ta ce, "Tashi mana! Kunya ba ta tsai da jini."

Inna ta shiga ɗaki ta fito da ɗan ƙullin gishiri, shi ke nan wanda ya rage mana, da shi muke yaudarar tafasa. Ta juye shi duka a tukunya, ta zuba gabaruwa, ta hura wuta da jiƙaƙƙen itace har ruwan ya tafasa. Baba ya ce in ɗauko zarena mafi ƙarfi, in riɓanya shi, in tsoma a ruwan zafin, sannan in ja shi ta cikin kakin zuman da yake ajiyewa a jakarsa. Allurar kuma aka sa bakinta a wuta har ta yi ja, aka bari ta huce. Da ruwan ya sha iska muka wanke raunin, muka fitar da laka da ɓurɓushin ciyawa. Baban Lami ya cije guntun fata, maza biyu suka danne shi, gumi yana karyo masa duk da sanyin nan.

Na zauna. Gwiwata tana taɓa ta Baba, ina jin numfashinsa a gefen kunnena. Ya ce, "Saurara da kyau. Duk abin da na koya miki a kan tufa, aje shi gefe. Tufa ba ta kumbura, nama shina kumbura. Tufa ana bin ta da zare ɗaya har ƙarshe. Nama kuwa kowane ɗinki da ƙullinshi: ki soka, ki fito ta ɗaya gefen, ki ƙulla, ki yanke, ki bar faɗin yatsa, ki sake. In ɗaya ya ɓaci a cire shi, sauran su riƙe. Kuma ba daga sama za ki fara ba, daga tsakiya, don bakin ya zo daidai."

Ya sa yatsunsa ya haɗa bakin raunin, ya ce in soka a tsakanin yatsun. Na ɗora allura na tura, ta ƙi shiga. Ban taɓa sanin fatar mutum tana da tauri haka ba, ta fi kowace tufa da na taɓa riƙewa. Na ƙara ƙarfi, ta shige, Baban Lami ya yi wani nishi da har yau ina jinsa. Na ja zaren zan matse, Baba ya ji motsin a yatsunsa ya ce, "A'a, sassauta. Baki ya taɓa baki kawai, kar ya tattare. Bar mishi wurin kumbura." Na ƙulla na yanke. Hawaye ya cika mini ido har ban ga inda zan sake sokawa ba, ɗigo ɗaya ya faɗi a bayan hannun Baba. Ya ce, a hankali yadda ni kaɗai na ji, "Share idonki, ɗiyata. Gidan nan makaho ɗaya ya ishe shi."

Na share da gefen zane na ci gaba. Ɗaya sama da na tsakiya, ɗaya ƙasa, yatsun Baba suna gaba, allurata tana bin su. Ruwa yana ɗiga daga jinka a kan wuyana, ban ko ji ba sai daga baya. Can Baban Lami ya tofar da fatar da ya cije, ya ce da wata murya a shaƙe, "A hankali, maɗinkiya, ba wandon Malam Iro ba ne." Mutane suka yi 'yar dariya, ni kuwa na ji kamar in make shi don haushi da tausayi. Da na zo ƙarshen raunin ta wajen idon sawu, Baba ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Tsaya nan. Wanga wuri ba a rufe shi. Ƙofa ce, duk abin da ya taru a ciki ta nan zai fita." Muka lulluɓe da tsumma mai tsabta wanda aka dafa, jinin ya ragu, daga baya ya tsaya.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi ranar tsawo. Ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, zazzaɓi ya rufe Baban Lami, yana sambatu yana kiran gona. Zaren ya nutse cikin kumburin, na ga dalilin da ya sa aka ce in sassauta, don da na matse da ya yanka naman. Matan unguwa in sun zo dubiya sai su ja ni gefe, wai in rufe ramin nan na ƙasa, ƙuda zai shiga, wai ina aka taɓa barin ɗinki da baki buɗe. Na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba, ya ce duk wadda ta ƙara faɗin haka a nuna mata hanyar gidansu. Kowace safiya in wanke da ruwan gabaruwa, Baba kuma ya zo ya shafa gefen, ya sunkuya ya shinshina. Sau ɗaya na ji ya ce wa Inna, bai san ina kusa ba, "In ƙafar nan ta lalace, ni na lalata ta, ni na ce a ɗinke." Abincinsa ma ya daina ci, yana turawa a ba marar lafiya.

Wata safiya na kwance tsumman sai na tarar ya jiƙe sharkaf, mugunya ta fito ta ƙofar nan da aka bari, mai yawa, mai wari. Na tsorata na kira Inna. Baba ya zo ya taɓa, ya ji ƙafar ta saki, zafin ya sauka. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya koma zaure ya ce a ba shi kunu. Ranar Baban Lami ya buɗe ido sosai, ya tambayi ko an huɗe dawa.

Ba a huɗe ba. Ni da Inna mun yi iya yinmu da fartanya, amma ciyawa ta fi ƙarfinmu. Sai wata safiya Malam Iro ya tara mazan unguwa suka yi mana gayya. Gayya kuwa da tuwo da fura aka san ta, mu ko ba mu da abin ba su sai tafasa ba gishiri. Suka yi aikin cikin yayyafi, kowa cikinsa a manne da bayansa, suka ci tafasar a tsaye suka watse, ba wanda ya yi ƙorafi. Allah ya jiƙansu, duk sun riga mu gidan gaskiya.

Da rafi ya janye wanzami ya ƙetaro ya duba. Ya ce naman ya kama, amma galmar ta taɓa jijiya, sai abin da Allah ya yi. Ni na cire zaren, in yanke ƙulli in zare, in yanke in zare, kowane ya bar 'yan ɗigo biyu a gefen tabon. Lokacin gero ya fara nuna, aka karyo mana tumu na farko, muka gasa muka murza, ƙamshinsa ya cika gida. Lami ta samu nono. Ni da Baba kuma muka koma yadda muke, gaisuwa daga nesa, saƙo ta hannun Inna.

Sai ranar da Baban Lami ya miƙe tsaye. Ya dafa bango ya taka, ƙafar ta ɗauke shi, muka yi hamdala. Ya sake takawa, sai muka ga diddigen daman ba ya sauka ƙasa sosai, kafaɗarsa tana karkacewa da kowane taki. Muka ce ko don bai saba ba ne. Kwanaki suka wuce, ɗingishin bai tafi ba, kuma mun gane ba zai tafi ba. Inna ta tara mu ta ce, "Kar wanda ya gaya ma Malam. Kun ji abin da ya ce da bakinshi, wanga labari zai karya shi." Kullum Baba sai ya tambaya daga zaure, "Yaron nan ya taka?" Inna ta ce, "Ya taka." Ya ce, "Sarai?" Ta ce, "Sarai." Baban Lami kuwa ya daina bi ta zaure, sai ta wata kafa a bayan gida, don kada tsohon ya ji sawunsa. Abin ya yi mini nauyi ƙwarai. Ina tausayin mijina, saurayi mai ƙarfi ya koma ɗingishi, ina kuma tsoron ranar da Baba zai sani.

Ranar ta zo da la'asar, an ɗauke ruwa, rana ta fito ta yi ja a kan dawa. Tun da idon Baba ya rufe, ɗansa ne ke jansa zuwa masallacin unguwa, ya riƙe kan sanda Baba ya riƙe gindinta, sai da ya kwanta ciwo Malam Iro ya karɓa. Ranar nan, da Malam Iro ya yi sallama, Baba ya ce, "Yi gaba, Iro, na gode. Yau yaron nan zai ja ni." Inna ta dube ni, na dube ta. Ba yadda za a yi. Baban Lami ya fito ya kama kan sandar, suka fita, ni kuma na laɓe a bakin zaure ina leƙe.

Da Baban Lami ya yi taku na farko sandar ta sunkuya ta tashi a hannun Baba. Ya sake takawa, ta sake sunkuyawa. Ba su yi nisa ba Baba ya tsaya cak. Baban Lami ma ya tsaya, bai waiwayo ba, kansa a ƙasa. Suka daɗe a haka, ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga ganyen dawa.

Can ya ce, "Tana ɗaukarka?"

Baban Lami ya ce, "Tana ɗaukata, Baba."

"Tana kai ka gona?"

"Gobe in Allah ya so zan fita."

Baba ya goge fuskarsa da hannun riga, ya gyara riƙon sandar, ya ce, "To mu tahi. Rage sauri, ni ma ba yaro ba ne."

Suka ci gaba. Ina kallo sai na ga tsohon ya sake tafiyarsa. In kafaɗar ɗansa ta sauka, shi ma ya sauke tasa, in ta tashi ya tashi, har sandar ta daina sunkuyawa a tsakaninsu. Nan na zauna a ƙasa cikin laka na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar galma, Inna ma ta juya baya tana share ido. Baban Lami ya yi noma da ƙafar nan har tsufansa, da ita ya ciyar da mu. Baba kuwa bai taɓa ɗaga maganar ba. Amma daga ranar har ya koma ga Allah, haka mutanen unguwa suke ganinsu a hanyar masallaci, uba da ɗa suna ɗingishi tare, alhali ƙafa ɗaya ce mai tabo.